Yadda Ake Haɗa Ruwan Banila a Gida Ba Tare da Barasa Ba

Yawancin fulebon banila mai araha da ake sayarwa a shagunan kayan kek ba daga tsiron banila aka samo shi ba, sinadari ne da aka harhaɗa a masana'anta. Banila ta ainihi 'ya'yan wani tsiro ne mai yaɗo wanda asalinsa ƙasar Meziko ce, kodayake a yau Madagaska ce kan gaba wajen nomansa, Yuganda ma tana nomawa. Tana da tsada domin da hannu ake yi wa kowane fure barbara, dabarar da wani yaro bawa mai suna Edmond Albius ya gano a tsibirin Réunion a shekarar 1841.

A Amurka doka ba ta yarda a kira abu ruwan banila ba sai barasar da ke cikinsa ta kai kashi 35 cikin ɗari, saboda haka wanda yake guje wa barasa sai ya yi amfani da gilisarin. A nan ake bukatar lura sosai, domin gilisarin da mata ke zubawa a man shafawa lokacin hunturu ba lallai ne ya dace da ci ba. A nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na abinci ne, kuma daga man tsirrai aka yi shi, tunda akwai wanda ake yi da kitsen dabba.

A tanadi silin banila shida zuwa takwas, kimanin giram 25, don kwalba mai cin mililita 250. Masu ɗan bushewa, waɗanda ake kira daraja ta biyu, sun fi sauƙin kuɗi, kuma a ganina su suka fi dacewa da wannan aiki. A tsaga kowane sili a tsaye da wuƙa mai kaifi har ƙananan baƙaƙen 'ya'yan da ke manne a ciki su bayyana, sannan a yayyanka a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta. A gauraya kashi uku na gilisarin da kashi ɗaya na tafasasshen ruwan da ya huce, a zuba har ya shanye kan banilar gaba ɗaya, saboda duk guntun da ya leƙo sama yana iya yin fumfuna.

A rufe kwalbar gam, a ajiye ta a cikin kabad nesa da rana da zafin murhu, ana girgiza ta sau ɗaya a mako. Gilisarin yana da kauri, ba ya jan ƙamshi da sauri kamar barasa, don haka bayan wata biyu za a ga launin ya fara komawa ruwan ƙasa, amma ya fi kyau a bar shi ya kai wata shida. Daga nan sai a tace da farin ƙyalle, ana zuba cokalin shayi ɗaya ko biyu a kwaɓin kek, cincin ko kunun aya, tare da ɗan rage sukari tunda shi ma gilisarin yana da zaƙi.