Yadda ake kafa farabol a bango mai shafe ko rufi ta waje

A Tahoua, idan iskar farkon damina ta wuce, ba wuya mutum ya tarar da farabol yana reto a jikin wayarsa. Na ga irin wannan a gidan wani maƙwabcina: ƙafar farabol ɗin ta taho da ɓallin siminti mai faɗin faifai, sukurori huɗu suna nan daram a cikinsa, bangon kuma ya bar jan rami da ƙasa ke zuba. Sukurorin ba su karye ba, abin da aka ɗaura su a kai ne ba ya ɗaukar nauyi.

Bango iri biyu ne ke kawo wannan matsala. Na farko shi ne ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, wanda ya cika unguwanninmu. Siminti da laka ba sa kama juna da gaske, don haka shafen riga ce kawai. Na biyu shi ne bangon bulo da aka lulluɓe ta waje da allunan farar kumfa don tare zafi, sannan aka bi da raga da siririn shafe wanda bai wuce milimita kaɗan ba. Wannan ya fi yawa a Turai, amma duk inda aka yi shi hukuncin ɗaya ne: dole nauyin farabol ya ratsa rigar ya isa ainihin ginin.

Kafin a taɓa injin huda, a fara sanin inda faifan zai duba. Taurarin ɗan adam na talabijin suna tsaye ne a saman layin da ya raba duniya biyu, a nisan kilomita 35,786, Tahoua kuwa tana kusan digiri 15 arewa da wannan layi, saboda haka kowane farabol a garin yana fuskantar ɓangaren kudu. Wanda ke neman tauraron da matsayinsa a kan wannan layi yake digiri 7 yamma zai karkata zuwa yamma, mai neman na digiri 22 yamma kuwa zai fi shi karkata. A nan waɗannan taurarin biyu suna can sama, fiye da digiri 50 daga ƙasa, kuma faifan da muka saba amfani da shi yana karɓar sigina daga sama da inda fuskarsa take nunawa. Shi ya sa bakin kwano ko reshen bedi da ke bisa kansa kan tare hoto alhali gabansa fili ne. A guji ƙarƙashin indararo, a kuma yi nesa da wayoyin lantarki. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida tukuna.

Sai a gwada bangon. A ƙwanƙwasa shafen da ƙotar guduma: inda ya yi ƙara kamar ƙwarya, ya riga ya rabu da ƙasa, a bar wurin. A huda ƙaramin rami guda, a zura waya a auna kaurin rigar, a kuma duba garin da ya fito, ko ja ne, ko toka-toka, ko farin ɓarɓashin kumfa.

Abin da ke tumɓuke farabol iska ce, ba nauyinsa ba. Faifai mai faɗin santimita 90 ya ninka na santimita 60 fiye da sau biyu wajen fili, kuma idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take turawa da shi yakan ninka huɗu. Ƙafar tana tsaye nesa da bango, don haka iska na fizgar wasu sukurorin tana danna wasu, dare da rana, har ramin ya buɗe.

A bangon kumfa, a nemi ƙarfe mai zare na milimita 10 ko 12, wanda ba ya tsatsa, mai tsawon da zai ratsa kumfar ya shiga bulo kamar santimita 8 zuwa 10. A huda a hankali ba tare da bugun injin ba har a wuce shafen, don kada ya tsage. A busa ƙurar ramin sarai, a cusa gam na musamman da ake kafa ƙarfe a bango da shi, a murɗa ƙarfen ciki, a bar shi ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar. Idan bulon mai rami ne, sai an sa ƴar ragar da ke riƙe gam ɗin, in ba haka ba zai zube cikin ramin. Muhimmin abu shi ne tiyo na ƙarfe da za a yanka daidai kaurin kumfa da shafe, a zura shi a kan kowane ƙarfe har ya tokari bulo. Idan aka ɗaure noti, ƙafar farabol za ta danna tiyon ne, ba kumfar ba. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga shafen ya lotsa tun yana ɗaurewa.

A ginin ƙasa kuwa, gam da ƴan robobin da ake cusa wa rami ba su da amfani, domin ƙasar ce kan marmashe. Sai dai a ratsa bangon gaba ɗaya, a sa farantin ƙarfe mai faɗi daga cikin ɗaki, wanda mai walda zai huda daidai da ramukan ƙafar, sannan a ɗaure ta ɓangarorin biyu. Kada a kusanci kan bango ko kusurwa. Ni dai a ganina, idan bangon ya tsufa ko faifan ya kai santimita 90, ya fi kyau a ƙyale bangon, a haƙa rami a tsakar gida, a kafa sandar ƙarfe da kankare. Kuɗin rabin buhun siminti bai kai na sake yaɓe da shafe ba.

Ko wace hanya aka bi, a tabbatar da ma'aunin ruwa cewa sandar ta tsaya cak, domin in ta karkace lambobin da ke jikin ƙafar faifan ba za su yi daidai ba. A toshe gefen kowane rami da silikon, saboda ruwan da ya shiga bayan shafe shi ne ke narkar da laka a ɓoye. Ramin waya a huda shi da gangara zuwa waje, a kuma bar wayar ta sauko ƙasa da ramin kafin ta hau ta shiga, yadda ruwa zai ɗiga a lanƙwasar. A naɗe inda wayar ta haɗu da kan farabol mai karɓar sigina, wato LNB, da tef mai hana ruwa. Wajen saiti, a juya faifan kaɗan-kaɗan ana kallon ingancin sigina a dikoda, ba ƙarfinta kawai ba, a kuma ɗaure notuna ɗaya bayan ɗaya don kada ya goce. Bayan ruwan farko a hau a sake ɗaure su, a duba ko tsaga ta fito a gefen farantin.