Yadda ake adana tarihin Yahudawan ƙananan garuruwan Maroko

A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai kusan 250,000. Yau 'yan dubbai kaɗan suka rage, yawancinsu a Kasablanka. Sauran sun koma Isra'ila, Faransa da Kanada. A garuruwa irin su Sefrou da Debdou, abin da suka bari shi ne majami'a a kulle, maƙabarta, da takardu cikin akwatuna, kuma sau da yawa makullin yana hannun wani maƙwabci Musulmi da ya gaji gadin daga mahaifinsa. Wanda wannan amana ta faɗo a hannunsa, ga yadda zai bi da ita.

Da farko, kada ka ɗauke komai daga inda yake. Nemi izinin masu abin, wato shugabannin al'ummar Yahudawa a birni mafi kusa, ko iyalan da suka bar kayan. Sannan ka ɗauki hoton ɗakin da akwatunan yadda ka same su, ka ba kowane akwati lamba. Jerin da takardu suke ciki shi kansa shaida ne. Idan ka ware su bisa ganin damarka, rasit ya rabu da wasiƙar da take bayaninsa, kuma ba mai iya sake haɗa su.

Sai ka san abin da kake nema. Mafi daraja shi ne pinkas, kundin da al'umma ke rubuta hukunce-hukuncenta da kuɗin shiga da na fita. Akwai ketuba, takardar ɗaurin aure mai ɗauke da sunayen ango da amarya da iyayensu maza, da gari da kwanan wata. Akwai littafin masu yi wa jarirai kaciya, da na ƙungiyar masu jana'iza. Da yawa daga cikin wasiƙun da Larabci aka rubuta su amma da haruffan Ibrananci, kamar yadda ake rubuta Hausa da ajami, don haka mai karanta Ibrananci kaɗai ba zai wadatar ba, sai wanda ya ji Larabcin Maroko.

Ka kula da geniza, ɗaki ko rami da ake ajiye tsofaffin rubuce-rubuce masu ɗauke da sunan Allah kafin a binne su. Kada ka ɗauke ta a matsayin shara. Daga irinta a majami'ar Ben Ezra ta tsohuwar Alƙahira masani Solomon Schechter ya kai gutsattsarin takardu kusan 190,000 Jami'ar Kambirij a 1897, kuma har yau masana tarihi suna cin moriyarsu. Amma wuri ne mai tsarki a wurinsu. Malamin Yahudawa ne zai ce me za a taɓa, me za a bari.

Wajen gyara, hannu mai tsabta da busasshen buroshi mai laushi sun isa. Cire ƙusoshi da filin da suka yi tsatsa. Ban da salatif, ban da gam, ban da laminatin, domin zafinsa da robarsa ba su da gyara. Takardar da ta yi funfuna a keɓe ta. Sauran a sa su a fayil marar asid, a kan kanta nesa da ƙasa da bango, inda babu laima.

Daga nan sai hoto: gaba da baya, har da shafukan da ba rubutu da bangon littafi, a ƙalla 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto). A yi kwafi uku, ɗaya a wani gari daban.

Maƙabarta tana buƙatar haƙuri fiye da komai. Zana taswirarta layi-layi, ka ba kowane kabari lamba, har da waɗanda aka shafe da farar ƙasa ba suna. Je da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace, sai haruffan da suka gogu su fito da inuwarsu. Kada ka kankare dutsen da buroshin ƙarfe. Shekara kuwa ta kalandar Yahudawa ce, da haruffan Ibrananci ake rubuta ta, kowane harafi da ƙimarsa ta lamba, kuma galibi ba a rubuta dubbai. Tara ƙimar haruffan, ka ƙara 1240: idan sun ba da 700, wato 5700, shekarar 1940 ke nan. In mutuwar ta faɗo tsakanin sabuwar shekararsu ta wajen Satumba da ƙarshen Disamba, rage ɗaya.

Tsofaffi ba za su jira ba, don haka a ganina hira da su ta fi gyaran takarda gaggawa. Dattijon da ya yi yaron shago wurin maƙerin azurfa a mellah, unguwar Yahudawa, zai nuna maka gidan wane da shagon wane. Waɗanda suka yi ƙaura ana samun su lokacin hilula, ziyarar shekara-shekara ga kaburburan malamansu, kamar ta Rabbi Haim Pinto a Essaouira. Tafi musu da kwafin hotuna, su faɗi sunayen da ke ciki.

A ƙarshe a samar wa takardun gida na dindindin, da yarjejeniya a rubuce: gidan tarihin Yahudawan Maroko da aka buɗe a Kasablanka a 1997, ko ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Rabat. Takardun saki da na bashi da suka shafi rayayyu kada a sa su a intanet sai iyalin sun yarda.