Abin da ake barin wa mai shigowa idan an sayar da gida a Ingila

A wajenmu, ko a Ringim ne ko Gumel ko ƙauyukan Bichi, wanda ya sayar da gida ba ya barin rubutu, ba a kuma neman ya bari. Mai unguwa ya san iyaka, shaidu sun ga an biya, dillali ya karɓi la'adarsa. Sauran bayani maƙwabci zai yi maka kafin ka gama sauke kaya: nan indararo yake zuba, katangar yamma tana son yaɓe kafin damina, rijiyar kan ja baya da bazara. Wanda ya sayar ɗin ma yana nan, gobe ku haɗu a masallaci.

Matasan garinmu masu tafiya karatu ko aikin asibiti, in sun zo yi mini sallama, nakan ce musu su manta da wannan. A Ingila lauyoyi ne suke musayar takardu, ranar da kuɗi suka shiga ka je ofishin dillalai ka karɓi makulli, mai gidan ya riga ya kama gabansa. Maƙwabci zai gaishe ka, amma ba zai taka ya zo ya ba ka labarin gidanka ba. Shi ya sa masu kirki suke barin takarda a kan teburin kicin. Ƙannena, na san haya za ku fara, saye sai Allah Ya hore. To abin da za ka tambaya ranar shiga, shi ne za ka rubuta ranar fita.

Ka fara da ruwa. Kowane gida yana da makullin da ke tsayar da ruwansa gaba ɗaya, galibi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, a tsofaffin gidaje kuma yakan ɓuya ƙarƙashin matakala ko bayan wani kabad. Dama ake murɗa shi ya rufe. In sanyi ya tsananta ruwa kan daskare a cikin bututu ya fasa shi, gidajen kuwa daɓen benensu katako ne, silin ɗin ba ya jure jiƙa. Mutumin da bai san inda makullin nan yake ba, sai ya tsaya yana kallon ɗakinsa yana narkewa da tsakar dare. Ka rubuta wurin dalla-dalla, in yana da tauri ka faɗa. Haka akwatin fiyus na lantarki da marufin gas da ke gefen mita. Ka sa lambobi biyu a ƙasa: 0800 111 999 in an ji warin gas, 105 in wuta ta ɗauke.

Sai injin ɗumama ruwa da ɗaki, wanda suke ce wa boila. Rubuta yaushe aka duba shi na ƙarshe, wa ya duba, ka ajiye littafinsa a kusa. Allurarsa mai nuna matsin ruwa takan tsaya tsakanin 1 da 1.5 in ya huce. Doka ba ta yarda a ɗauko mai gyara ba sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, don haka a bar maganar "akwai wani ɗan'uwa mai hannu". In haya kake, wajibi ne mai gida ya sa a duba kayan gas duk shekara ya ba ka takardar.

Ranar fita ka ɗauki hoton mitar wuta da ta gas da wayarka, ka rubuta lambobin da sunan kamfanin da kake biya. Mai shiga ma ya yi haka. In ba haka ba wani zai biya abin da wani ya sha, rigimar kuma ta ɗauki watanni. In mitar ta kati ce, a bar katin.

Shara ma tana da ranarta, ƙaramar hukuma ce ke sa ta. Kalar kwanduna ta bambanta daga gari zuwa gari, kuma a wurare da yawa sai bayan mako biyu motar ke dawowa kan kwando guda. In ka haɗa abin da ba a haɗawa, su bar maka kayanka a ƙofa. Layi biyu sun isa wannan. Ka kuma sanar da ƙaramar hukumar ranar da ka tashi saboda harajin gida.

Akwai abin da ya wuce kirki. Mai sayarwa a Ingila da Wales yana cike fom TA6, inda ake tambayarsa iyaka, ambaliya da rigima da maƙwabta, sai TA10 mai fayyace abin da zai tafi da abin da zai bari, har labule da fitilu. Wanda ya ɓoye aibi a nan ana iya maka shi a kotu. Mu ai ba sai kotu ta faɗa mana ba, tun a makarantar allo muka san hukuncin ɓoye aibin haja.

Wasiƙu kuwa, Royal Mail, wato gidan wayarsu, na karkatar da su zuwa sabon adireshi na wata 3, 6 ko 12, da kuɗi. Ga mai zama da biza wannan ba almubazzaranci ba ne, amma kada ya hana ka sanar da ma'aikatar harkokin cikin gida da banki da likitanka cewa ka tashi.

In ka san mai shigowa Musulmi ne, ƙara masa inda masallacin Juma'a da mahaucin halal suke, da kusurwar da alƙibla take. A can kudu maso gabas ake fuskanta, baƙo da yawa ya yi kwanaki yana kallon gabas sak. A takarda za ka rubuta, ba a bango ba.

Makullai ka ɗaura wa kowanne 'yar takarda: na ƙofar baya, na tagogi, na akwatin mita. In akwai ƙararrawar ɓarayi, rubuta lambarta. Wanda ya saya ya canza kwaɗon ƙofar gaba a makon farko, ɗan haya kuwa sai ya nemi izinin mai gida tukuna.