In kare ya ciji yaro, ruwa da sabulu ne farko

Salamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya a unguwarmu ta Zango, karyar maƙwabta mai jego ta cafki ɗan ƙanwata a sha-raɓa. Ƙwiƙwiyo ya je ɗauka a bayan randa. Kafin in iso, an riga an barbaɗa masa toka, wata kuma na neman barkono. Don Allah a bar wannan.

A wanke ciwon da sabulu, ana kwarara ruwa, har minti 15 cur, a duba agogo. Daga nan sai likita ranar nan, ko da ƙarzuna ce kawai, saboda allurar rigakafin haukan kare. Cutar nan in alamunta suka fito, sai dai addu'a. Karen kuma a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi.

Galibi tsoro ke sa kare cizo, kuma yana gargaɗi: ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, ya yage haƙora yana gurnani. Ku koya wa yara su tsaya cik, hannu a jiki, kada su ruga, kada su zuba masa ido. Jifan da suke yi musu a lungunan Birni shi ke ƙara ɓata karnukan.

Kyanwa ma kar a raina ta. In tana kaɗa wutsiya da ƙarfi tana huci, a sake ta. Haƙoranta kamar allura suke, ramin ƙarami amma da zurfi, kuma saurin ruruwa gare shi.