Yadda ake daidaita muryar gitar bas da canza mata jaki

Bas kan yi daidai idan an kaɗa tsirkiya a sake, amma da yatsa ya gangara kusa da gangar jikinta sai sautin ya kauce wa piyano. Dalilin shi ne tsawon tsirkiya. A yawancin bas, daga inda tsirkiya ta hau a saman wuya zuwa sirdin jaki milimita 864 ne. Jaki shi ne ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a gangar jikin bas, sirdi kuma ɗan ƙarfen da tsirkiya ke hawa a kansa. Firet su ne ƙarafan da aka jera a wuya, na 12 yana tsakiya, a milimita 432. Danna tsirkiya yana ƙara mata tauri, sautin ya ɗan hau, shi ya sa kowace tsirkiya take da nata sirdin da ake ja baya don a rama.

Kada ka fara da sirdi. Fara da sababbin tsirkiyoyi, don wadda ta sha gumi da ƙurar hunturun Damagaram ba ta tsayawa a murya ɗaya. Bayan ka ɗaura, danna kowacce da babban yatsa daidai gaban sirdi ta kwanta sosai, musamman Mi, tsirkiyar da ta fi kauri.

Sai wuya. Danna Mi a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tazararta da firet na 8. Kusan milimita 0.3 ake so. In ta wuce haka, ɗaure ƙarfen cikin wuya da lakile mai kusurwa shida, kwatan juyi kaɗai, ka sake aunawa. In ya cije, tsaya, karyewarsa babbar asara ce. A nan garin wannan awon na canzawa tsakanin bushewar hunturu da laimar damina, don haka a duba shi duk sauyin yanayi. Daga nan saita tsayin tsirkiya a firet na 17: kusan milimita 2.4 ga Mi, milimita 2 ga Sol, tsirkiyar da ta fi siranta.

Yanzu aikin murya. Rungumi bas ɗin yadda kake kaɗa ta, don in tana kwance a tebur nauyin wuya na sauya sakamako. Jona na'urar saita murya, ka daidaita tsirkiya a sake. Danna firet na 12 da ƙarfin da ka saba, ka duba allura. In sautin ya haura, tsirkiya ta yi gajarta, sai ka juya sukurun bayan jaki sirdi ya ja baya, nesa da wuya. In ya gaza, sirdi ya matso gaba. Sassauta tsirkiya kafin ka ja sirdi baya, in ba haka ba kan sukuru zai cinye. Rabin juyi, sake daidaita tsirkiya a sake, sake gwadawa. Wanda ya tsallake wannan sake daidaitawar zai wuni yana zagaye wuri ɗaya. In an gama, sirdin Sol ne ke gaba, na Mi can baya.

In allura na rawa ta ƙi tsayawa, duba mikiro, na'urar ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi. Maganaɗisunsa na jan tsirkiya idan ya matso da yawa, sai a sauke shi ya bar kamar milimita 3 yayin da aka danna firet na ƙarshe. In kuma sirdin Mi ya kai ƙarshe sautin bai sauko ba, sau da yawa sifirin ɗin bayansa ne ya tokare. Cire shi ka rage tsawonsa.

A ganinmu, sabon jaki ba ya gyara wuyan da bai saitu ba. Ana canza shi ne idan tsatsa ta ci sukurori, ko sirdi na zamewa gefe, ko yana sauka da kansa ana cikin kiɗan biki. Kafin ka yi saƙo Kano ko Yamai, auna naka: yawan ramukan sukuru da tazarar tsirkiyoyi. Sanannen samfurin jakin kamfanin Fender ramuka 5 ne, tazara kusan milimita 19, kuma jakin Gotoh 201 na hawa kan ramukan ba tare da sabon huji ba.

Manna salatif a gefen tsohon jakin, ka yi alamar tsakiyarsa da inda milimita 864 ta faɗo. Kwance tsirkiyoyi, cire sukurori. Za ka tarar da siririyar waya ta leƙo daga katako. Wayar mas ce, mai hana ƙugin lantarki, dole ta taɓa ƙarfen sabon jakin. In fenti ya rufe ƙasansa, kankare wurin, in ba haka ba amfili, na'urar ƙara sauti, zai yi ta ƙugi. Ramin da ya buɗe a cusa masa tsinken sakace da gam ɗin katako, a bari ya kwana.

In ramukan ba su dace ba, ɗaura Mi da Sol sako-sako, ka tabbatar tazararsu da gefen wuya ta zo ɗaya, sirdin Sol kuma yana kan alamar 864 da sauran filin ja baya. Huda da bakin milimita 2, ka naɗa masa salatif don kada ya zarce. Ɗaure sukurun tsakiya tukuna, sauran su biyo, da hannu.

Wani jakin ya fi tsohon kauri, tsirkiya ta ƙi sauka ko an kai sirdi ƙasa. In wuyan na sukuru ne, kwance shi ka sa siririn kati a ƙarshen mazauninsa ta wajen jaki. Daga nan a maimaita awon wuya, tsayi da murya, a wannan jerin.