Yadda ɗan Kannywood zai koma YouTube ba tare da ya yar da Hausarsa ba

Duk wanda ya ga zamanin da ake kai fim Ƙofar Wambai 'yan kasuwa su saya su buga CD ya san wannan kasuwar ta mutu, masu turawa a waya da ɓarayin fasaha sun gama da ita. To ɗan uwa in kai jarumi ne ko darakta ko mawaƙi da ka tsaya cirko-cirko, ga yadda nake ganin zaka sake shiri.

Fara da buɗe tasha a YouTube da sunanka, ba da sunan furodusa ba, don gobe in kun ɓata, shi zai tafi da masu kallon. YouTube ba ya fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma ba a turo maka kuɗin sai sun kai dala 100, saboda haka kar ka saki sana'arka ta hannu tukuna. Ka manta da fim kashi na 1 da na 2, yanzu dogon zango ake yi, duk sati rana ɗaya lokaci ɗaya har mutane su saba jiranka kamar yadda suka saba da Izzar So da Labarina tun 2020. In a Kano kake aiki kuma ka je ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai, tun 2001 take nan.

Amma inda abin yake damuna wallahi shi ne harshe, sai kaga mutum don yana son 'yan kudu da na waje su kalle shi ya cika bakin jarumai da Turanci, yarinya ta shigo falo ta gaida mahaifinta a tsaye kamar abokinta, kowane gida sai bene da kujerun alfarma kamar ba mu da zaure ba mu da tabarma. Mai kallonka na Maradi da Zinder da zangon Kumasi da ɗan uwanmu da ke Jidda yana kewar gida ba wannan ya zo nema ba, so yake ya ji tsohuwa ta ce "ke 'yar nan zo ki ɗauke kwanon nan", ya ga an durƙusa an gaida manya, ya ji karin magana a inda ta dace. In kana son baƙi su fahimta ka sa musu fassara a ƙasan hoto, Turanci ko Faransanci, maganar dai ta zauna a Hausa. Mawaƙi ma haka, sa fiyano ba laifi amma ka kira mai kalangu ko mai kukuma sutudiyo ka biya shi haƙƙinsa.

Kuma don Allah kafin ka sayi sabuwar kyamara sayi ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a wuyan riga, ka nisanta janareto daga wurin ɗauka, mutane na haƙuri da hoton waya amma da sun ji sauti yana ƙara sai su wuce.