Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar kwamiti a taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya

Idan aka fitar da fom ɗin taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ɗalibai ke zama a matsayin wakilan ƙasashe, a harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru ne ko ta Kongo a Zariya, gurbin zaɓin kwamiti ɗalibai ke fara cikewa, kuma nan aka fi tafka kuskure. Mutum ya duba jerin sunaye, sai ya ɗauki wanda ya fi jin amonsa a rediyo.

Shi ya sa ake rububin Kwamitin Sulhu. Kujerunsa 15 ne kacal, biyar daga ciki na dindindin: Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Ƙuduri ba ya wucewa sai da ƙuri'u 9, kuma ko an samu taran, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu. A ɗakin mutum 15 babu wurin ɓuya. Za a yi ta zagayowa kanka, kuma wanda bai yi karatu ba, tun kafin azahar asirinsa ya tonu. Sabon shiga gara ya fara da ɗaya daga cikin kwamitoci shida na Babban Zaure, inda ƙasashe 193 ke da ƙuri'a ɗai-ɗai. A can za ka ga yadda ake neman izinin magana, yadda ake haɗa kai a rubuta daftarin ƙuduri. Kuma ba ƙaramin wuri ba ne: Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya yi digirinsa na farko a nan Zariya, shi ya shugabanci zauren daga 2019 zuwa 2020.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaɓar kwamiti ba tare da sanin iyakar ikonsa ba. Za ka ga yaro a Kwamiti na Uku, mai kula da jin daɗin jama'a da agaji da al'adu, ya miƙe da kwat ɗinsa, yana karanta daftarin da ke umartar a tura dakaru, a ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumi. Abokansa na tafi, shugabar kwamiti kuwa ta ɗauki biro tana soke layukan ɗaya bayan ɗaya. Babban Zaure shawara yake bayarwa, yana kira, yana jan hankali. Takunkumin da ya zama tilas a kan ƙasashe aikin Kwamitin Sulhu ne, a ƙarƙashin Babi na 7 na kundin Majalisar. Don haka kafin ka sa hannu a fom, tambayi kanka: wannan kwamiti me yake iya zartarwa? Mai sha'awar batun makamai ya nufi na Ɗaya, mai son tattalin arziki na Biyu, ɗan shari'a na Shida. Na Biyar na kasafin kuɗi ne, ba kasafai ake ɗokinsa ba, alhali nan ake sanin wa ke biyan me.

Sai masu cewa in ba Najeriya ba, sun fasa. Ba kowane kwamiti take ciki ba. Sau biyar ta zauna a Kwamitin Sulhu, na ƙarshe daga 2014 zuwa 2015. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Geneva ma kujeru 47 gare ta, da zaɓe ake shiga. Haka in an sa ECOWAS a jerin, tuna cewa Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice a watan Janairun 2025. In an ba ka ƙasar da ba ka taɓa tunaninta ba, karɓa, ka nemo yadda ta saba jefa ƙuri'a. Matsayarta za ka kare, ba ra'ayin da kake faɗa a majalisar mai shayi ba.

Wasu kuma ba su san cewa ba kowane ɗaki ake rubuta ƙuduri ba. In akwai Kotun Duniya ta birnin Heg, mai alƙalai 15, wadda ta yanke hukuncin Bakassi a 2002, alƙali za ka zama ko lauya, hujja ake so da nassi. Kwamitin gaggawa kuwa ana tsakiyar muhawara za a shigo da takarda, wai an yi juyin mulki, a ba ku 'yan mintuna ku yanke shawara. Wanda sai ya haddace jawabi yake iya magana, ya dakata tukuna.

Kada kuma ka bi abokinka ido rufe don ku zauna kusa. Sannan yawancin fom na neman zaɓi na biyu da na uku. Cike su da gaske, domin wanda ya bar su fayau, duk inda kujera ta rage nan masu shirya taro za su jefa shi.